Hali Zanen Dutse Ne, Ko Tarbiyya Tana Sauya Shi?

 

Muridin da aka yi wa nasiha kan saurin fushi yakan ce haka Allah Ya yi shi, hali zanen dutse ne. Akwai gaskiya cikin maganarsa. Annabi (SAW) ya yaba wa Ashajju na ƙabilar Abdulƙaisi da haƙuri da natsuwa. Da ya tambaya ko koyo ya yi, sai aka ce masa a kansu Allah Ya halicce shi. Masu binciken Jami'ar Minnesota a Amurka, da suka fara bin tagwayen da aka raina a gidaje dabam-dabam tun 1979, su ma sun tarar da kamanni mai yawa a ɗabi'unsu.

Sai dai Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, bai yarda a fake da wannan ba. A cikin Ihya'u ya kawo misalin ƙwallon dabino: har abada ba zai fid da tuffa ba, amma dabinon ma ba ya fitowa sai an shuka, an yi ban ruwa. Doki da shaho ana horar da su, balle ɗan Adam.

A wajensa ba a tumɓuke fushi, linzami ake sa masa. Shi ya sa shehin tarbiyya yake duba kowane muridi kamar likita: wannan a sa shi hidimar zawiya don girman kansa ya karye, wancan a ɗora masa azumi saboda kwaɗayi.