Tambaya da Amsa: Tsakanin "Dole" da "Ya Kamata" a Turanci

Malam Isiyaku, mai fataucin shanu a kasuwar Gene, kudu da Malanbil a Jamhuriyar Benin, ya rubuto cewa Faransanci ya karanta a makaranta, yanzu kuma yana ciniki da 'yan kudancin Najeriya da ba sa jin Hausa. Ya tura wa ɗaya saƙo, "You must pay on Friday," sai mutumin ya hasala, alhali tuni kawai yake yi masa. Yana tambaya, ina ya kuskure?

Malam Isiyaku, kwantar da hankalinka. Ba rashin ladabi ka yi ba, Faransanci ne ya ja ka. A can fi'ili ɗaya ne, devoir, sai a juya shi: tu dois, tu devrais. Turanci kuwa ya raba su gida biyu. Must shi ne "dole", muryar ɗan kwastan a bakin gadar iyaka ta Gaya. Should shi ne "ya kamata". Ka yi wa abokin cinikinka magana da muryar kwastan, shi ya sa ya ji zafi. Da ka ce "Could you pay on Friday?" da roƙo ya ji, kuɗinka kuma suna nan yadda suke.

Waɗannan kalmomi, irin su can da may da might da will, ba a juya su. He can come ake cewa, ba a liƙa musu s, ba a bin su da to. Wanda ya sha haddar jadawalin fi'ilin pouvoir na Faransanci, wannan hutu ne gare shi.

Akwai tarko ɗaya da nake so ka kiyaye. You must not come hani ne: kada ka zo. You don't have to come sauƙaƙawa ce: ba sai ka zo ba. Na ga wanda ya kori baƙonsa da na farkon, shi kuwa so yake ya hutar da shi.

Sai kalmomin auna tabbaci. Maybe da perhaps su ne "wataƙila", probably ya fi su ƙarfi, definitely kuwa "tabbas" ne. Probably yakan zauna bayan will, amma gaban won't: the lorry will probably arrive, it probably won't.

Ka sake rubuta wa mutumin nan yau, ka soma da gaisuwa, sannan could. Idan ya tambayi ranar isowar shanunsa, ka tsaya a probably har sai direba ya bugo ya ce ya tsallake iyaka.