Yadda Ake Horar da Sabon Yaro a Sana'ar Albasa

Da albasar rani ta fara fitowa daga fadamun Aliero, Maiyama da Jega, kowane mai rudun ajiyar albasa neman ƙarin hannu yake yi. Galibi a ɗauko yaro yau, gobe a tura shi cikin tsibi, in ya yi ɓarna a rufe shi da faɗa. Asarar kuwa sai damina ta zauna take bayyana, ranar da aka buɗe rudu wari ya tari mutum. Maigida, ka jera koyarwar daki-daki, kowane mataki kuma ka faɗa masa dalilinsa.

Fara da zaɓe, kuma kada ka yi gaggawar wuce shi, don nan ne kuɗinka suke. Zaunar da shi kusa da tsohon hannu, a ɗora masa albasa a tafi, ya danna wuyanta da babban yatsa. Wadda wuyanta ya bushe ya tsuke, ɓawonta na ƙaras-ƙaras, ita ce ta ajiya. Mai kaurin wuya, da mai laushi, da wadda fartanya ta sara, da wadda aka yanke wa lawashi tun yana ɗanye, duk kasuwa za su nufa yanzu. Gaya masa cewa ta rauni da ɗanyen wuya ruɓa ke shiga, kuma wake ɗaya ke ɓata gari. Bayan 'yan kwanaki ba shi kwando guda ya zaɓe shi kaɗai, kai kuma ka sake bi a gabansa. Duk wadda ka tsamo, miƙa masa ka ce, "Me ka gani a jikin wannan?" Bar shi ya gano da kansa. Wanda aka faɗa wa amsa kullum, idonsa ba ya buɗewa.

Daga nan sai rudu. Nuna masa abin da ya sa ake ɗaga shi daga ƙasa, ake barin iska na ratsawa, ba a kuma labta albasa ta danne 'yar'uwarta. Sannan ka damƙa masa rudu ɗaya, ƙarami, ya zama nasa ne dubawa: rufi, yoyo, wari, tsiro. Duk mako ya zo ya ce, "Alhaji, ga abin da na cire." A ganina wannan ya fi dogon wa'azi aiki, domin yaron da ya san za a tambaye shi ba ya barin ido ya huta.

Cika buhu da ɗinki da basilla ba su da wuyar koyo. Abu biyu kawai za ka tsaya a kai. Kada ya yi jifa da buhu wajen lodi, domin kayan da za su bi ta Koko, Yawuri da Kwantagora har kasuwar Mile 12 ta Legas za su sha girgiza isasshiya. Kuma kada ya koyi ɗora manya a baki, ƙanana a gindi. Mai saye sau ɗaya ake yi wa haka.

Kuɗi su zo a ƙarshe. Riƙa tafiya da shi kasuwar Jega ya tsaya bayanka, ya ji yadda ake tayi da sallamawa, ya san la'adar dillali da kuɗin 'yan dako. A hanyar dawowa ka tambaye shi nawa shi zai sallama. Koya masa rubuta buhu nawa suka shiga, nawa suka fita, wa ya ɗauka bashi. In rubutun ya yi maka nauyi, ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ba su yi nisa ba, nemi ɗaya ya tsara muku littafi. Ka kuma ja masa kunne: kada kaya su tashi don saƙon waya, sai ya ga kuɗi sun zauna a asusu.

Gyara kuwa a keɓe ake yin sa, ba a gaban direba da 'yan lodi ba. Ladan aikinsa, da kaka nawa zai yi kafin ka sallame shi, da jarin da za ka ba shi, a yanke su tun ranar farko, a gaban mahaifinsa ko wanda ya kawo shi.