Ɗan Ƙodago da Ɗan Gida: Darasi Daga Ƙasar Hindu

'Yan'uwa, mu da mu ke shirin koyad da yara, ya kamata mu san abin da waɗansu al'ummai su ke bi, kada mu yi musu hukunci da ka.

Mabiya addinin Hindu suna da wani littafi, Bagabad Gita, mai babi 18 da baiti 700. Ya nuna hanya uku ta samun tsira: aiki, da ilmi, da ƙauna. Masu bin ilmi, kamar malaminsu Shankara, sun ce mutum ya binciki kansa har ya gane shi ba jiki ba ne, ruhinsa da Asalin kome abu guda ne. Amma Ramanuja, malamin kudancin Indiya a ƙarni na 11, ya ce ruhu bawa ne har abada. Sanin kai ƙofa ce kurum, maƙura ita ce bakti, watau ƙaunar Ubangiji wadda ba ta jiran sakamako.

Ga misali daga gonakin albasa na bakin Kwara, can wajenmu a Shanga. Ɗan ƙodago yana noma, idonsa na kan rana, domin kuɗinsa ya ke jira. Ɗan gida kuwa, ganin fara'ar ubansa ya ishe shi.

Addininmu da nasu ba ɗaya ba ne, lalle. Amma mun ji labarin Rabi'atul Adawiyya ta Basra, wadda ta rasu a 801, ta bauta wa Allah ba don tsoron wuta ko kwaɗayin Aljanna ba.

To, ran da muka shiga masallaci, ko aji, kowa ya tambayi zuciyarsa: ɗan ƙodago ne, ko ɗan gida? Allah ya ba mu ikhlasi, amin.