Ba Kowane Tabo a Huhun Yaro Ne Tarin Fuka Ba

A Agege da Idi-Araba, da zarar hoton ƙirjin yaro ya nuna tabo, an gama yanke hukunci: tarin fuka ne, wato tibi. Sau da yawa haka ɗin ne, domin Najeriya na cikin ƙasashen da tibi ya fi addaba. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yaro ya sha magani wata 6 cif, tabon na nan daram ko ma ya ƙaru, amma a koma kemis ana sayen maganin tari kwalba bayan kwalba. Za a ce gwajin GeneXpert kan kasa kama ƙwayar cutar a jikin yara, don haka likita na da hujjar fara magani ko gwaji bai nuna ba. Gaskiya ne. To amma tibi na jin magani. In an yi wata 2 ana sha a kan ƙa'ida babu sauƙi, dole a sake bincike.

Cikin abubuwan da za a nema akwai wani ƙari da likitoci ke kira IMT. Ba kasafai ake samunsa ba, amma yana sahun gaba cikin ƙarin da ke tsirowa a huhun yara. Yana zuwa da tari, zazzaɓi, rama, wani lokaci kaki da jini, kamar dai tibi. Ba ya yaɗuwa tsakanin mutane. Hoton CT zai nuna girmansa da mazauninsa, amma ba a tabbatarwa sai an yanko ɗan tsoka an duba. Asibitocin koyarwa irin LASUTH a Ikeja da LUTH a Idi-Araba ne wurin wannan aiki.

A nan ne iyaye ke tirjewa, wai in wuƙa ta taɓa ƙari sai ya bazu. Wannan magana tana cutar da yara. Tiyata ce babban maganin IMT, kuma in an cire shi baki ɗaya yawancin yara sun rabu da shi ke nan. Jinkiri ne ke ba shi damar toshe hanyar iska, har aikin da zai tsaya a ɗan yanki ya ci huhu guda. Kusan rabin masu shi na da canji a ƙwayar gado mai suna ALK, kuma a 2022 Amurka ta amince da maganin crizotinib ga masu wannan canji da tiyata ba ta yiwu musu ba.

Iyaye, in za ku asibitin, ku tafi da duk tsofaffin hotunan ƙirjin yaron da katin shan maganinsa, kuma kada ku dakatar da maganin tibi da kanku kafin likita ya gan shi.