Motarka Tana Ja da Ƙafa Huɗu, To da Me Za Ta Tsaya?

Tambaya: Ina zaune a Otawa ta Kanada, kuma bana ne zan ga sanyin ƙasar karon farko. Na sayi Subaru WRX ta hannu, mai ja da ƙafa huɗu. Wanda ya sayar mini ya ce irin wannan mota ba ruwanta da dusar ƙanƙara, abokan aikina kuwa sun matsa sai na sayi tayoyin sanyi. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Dole ne?

Amsa: Ɗan'uwa, abokan aikinka sun fi shi gaskiya. Ka sayi tayoyin, guda huɗu, kuma kada ka jira sai ƙanƙarar farko ta sauka.

Maganar mai motar tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa take cutar da mutane. Injin motarka yana raba ƙarfinsa ga tayoyi huɗu maimakon biyu, don haka idan danja ta ba ka hannu za ka tashi lafiya, ka bar wasu suna wulwula taya a wuri ɗaya. Tudu ma za ta hau ba gardama. Iyakar taimakon ke nan. Da ka ɗaga ƙafa daga totur ka taka birki, inji ya fita daga cikin maganar. Kowace mota, har 'yar ƙaramar da ke ja da ƙafafun gaba, birkinta yana kama tayoyi huɗu ne, kai da ita daidai kuke a nan. Abin da zai tsayar da kai, kuma ya riƙe ka a kwana, shi ne yadda roba ta kama ƙasa.

Ga inda abin yake ba ni tsoro. Mota mai ja da ƙafa biyu tana yi wa direbanta gargaɗi tun daga ƙofar gida: ya taka totur, taya ta zame, ya san yau akwai santsi, ya shiga taitayinsa. Taka ba za ta gaya maka ba. Za ta ɗauki gudu kamar hanya a bushe take, ka saki jiki, sai ka zo mahaɗa ko kwanar sauka daga babbar hanya sannan ka gane a kan me kake tafiya. A lokacin gudun ya riga ya yi yawa.

Fara da duba abin da ke ƙafar motar yanzu. WRX da ire-irenta sukan fito daga kamfani da tayoyin zafi, waɗanda aka yi domin busasshiyar kwalta da gudu. Robarsu tana fara taurin kai da zarar ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 7, kamar yadda man kaɗe ke daskarewa da hunturu, kuma a Otawa akwai dararen Janairu da sanyi ke kai digiri 20 ƙasa da sifili. A irin wannan sanyi tayar zafi ba ta kama ko kwaltar da ba ƙanƙara, har takan tsage. Tayar sanyi an haɗa robarta ne don ta zauna da laushi a cikin wannan yanayi. Ka matsa kusa da ita za ka ga ƙananan tsaga-tsaga birjik a jikin zanenta. Su ne ke buɗewa su ciji ƙanƙara, su kuma tsotse ɗan ruwan da ke kwance a kanta, wanda shi ne tushen santsin. Manyan ramukan zanen kuwa suna cika da dusar ƙanƙara, ita kuma ta manne da 'yar'uwarta da ke ƙasa.

Za a ce maka akwai taya ta kowane lokaci. Ka duba gefenta. Haruffan M+S kaɗai ba su isa ba, domin fasalin zane kawai suke nunawa, ba a gwada tayar a kan ƙanƙara ba. Alamar da za ka nema ita ce hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Masu yin taya a Amurka da Kanada ne suka fito da ita a 1999, kuma ba a buga ta sai tayar ta ci jarrabawar ja a kan dusar ƙanƙara. Jamus ma tun Oktoban 2024 ta daina karɓar M+S a matsayin tayar sanyi.

Ta fuskar doka, lardinku na Ontariyo bai tilasta maka ba, amma tun 2016 ya wajabta wa kamfanonin inshora su yi wa mai tayoyin sanyi rangwame, sai ka kira naka ka tambaya. Tsallaken kogi kuwa, a Kwibek, duk motar da aka yi wa rajista a can dole ta sa su daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Yanzu wace iri? A nan masu mota irin taka sukan rikice, domin tayoyin sanyi kala biyu ne. Akwai masu laushi sosai da aka yi wa ƙasashen tsananin sanyi, irin su Bridgestone Blizzak WS90, Michelin X-Ice Snow da Nokian Hakkapeliitta, na kamfanin Finlan da ya ƙera tayar sanyi ta farko a 1934. Akwai kuma na motocin gudu, irin su Michelin Pilot Alpin da Pirelli Sottozero, masu ɗan tauri, waɗanda suka fi dacewa da hanyar da ake sharewa kullum, sanyinta kuma da sauƙi. Waɗannan za su bar maka sitiyari da kaifinsa a busasshiyar kwalta, amma a kan daskararriyar ƙanƙara na farkon sun fi su nesa. Ni a Otawa na farkon zan zaɓa maka. Za ka ji motar ta ɗan yi laɓo-laɓo a kwana, ka haƙura da wannan na wata biyar. Masu ƙusa kuwa ka manta da su, doka ta keɓe su ga mazauna arewacin lardin.

Kada ka yarda a sa maka biyu kawai. Gaba ta kama baya ta zame, motar ta juya da kai. Ban da haka, tayoyin da girmansu ya bambanta suna cin na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, gyaranta kuma ya fi kuɗin taya. Idan da hali ka sayi rim daban, ƙarami da inci ɗaya, da taya mai ɗan siranta da kauri a gefe: tana yanka dusar ƙanƙara maimakon ta hau kanta, tana kuma jure ramukan da sanyi ke haƙawa. Sai dai a gwada rim ɗin tukuna, don birkin motocin gudu manya ne, ba kowane ƙaramin rim ke shiga ba. In ta hannu za ka saya, lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT a gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma zanen da bai kai milimita 4 ba ya gama aikin sanyi. Iska tana raguwa da kusan psi ɗaya duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6, saboda haka ka riƙa aunawa da safe kafin ka tuƙa.

(Masu karatu na gida: in kun ga wannan alamar dutse a jikin tayar Beljiyam, ku bar ta. Zafin kwaltarmu yana cinye ta da wuri, birkinta kuma ba ya kamawa yadda ya kamata.)

Sauran aikin yana hannunka da ƙafarka. Ka kashe saitin gudu, ka bar na'urar hana zamewa a kunne, kada kuma ka sa motar ta riƙe gudu da kanta. Rage gudu tun kana miƙe, kafin kwana. Idan ka murɗa sitiyari motar ta ci gaba da tafiya gaba, kada ka ƙara murɗawa. Sassauta totur, ka ɗan warware sitiyarin har tayoyin gaba su kama. Idan baya ce ta zame, ka kalli inda kake son zuwa, hannunka zai bi. A birkin gaggawa ka taka ka riƙe, rawar da za ka ji a ƙafarka na'urar hana taya kullewa (ABS) ce ke aiki. Gadoji suna riga sauran hanya daskarewa, kuma kwaltar da ka ga tana sheƙi kamar jiƙaƙƙiya a ranar tsananin sanyi ƙanƙara ce, gishirin da ake zubawa ma ƙarfinsa yana raguwa a irin wannan rana. Motarka gajera ce, dusar da ta kai cikinta za ta ɗaga ta daga ƙasa komai kyan tayoyi.

Ranar da ƙanƙara ta fara kwanciya, nemi filin ajiye motoci da ba kowa, nesa da turakun fitila, ka taka birki da ƙarfi a gudun kilomita 30, ka ga inda za ta tsaya. Ka kama layi wurin masu sa taya tun Oktoba, domin a Nuwamba samun rana wuya yake yi, sannan ka cire tayoyin sanyin cikin Afrilu idan ma'auni ya zauna sama da digiri 7.