Idan Harbin Kare Kai Ya Sami Wanda Bai Ji Ba Bai Gani Ba

A Madachi da Rurum da ƙauyukan Kibiya, ganin mafarauci ko ɗan sintiri da bindigar toka a kafaɗa ba baƙon abu ba ne. Da yawansu sun ɗauka cewa muddin ɓarawo aka auna, duk wanda harbin ya sama, alhakinsa na wuyan ɓarawon. Doka ba ta ce haka ba, addini ma bai ce ba.

Tsarin Mulkin 1999, sashe na 33, ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa, amma da ƙarfi daidai buƙata. Dokar Final Kod ta Arewa, sashe na 59 zuwa 67, ta shata iyakar: kada ka yi ɓarnar da ta wuce wadda za ta tsare ka, kuma ba ka da hurumin ɗaukar mataki idan akwai sararin kiran hukuma. Ta yi wa mai kare kai rangwame guda game da ɗan kallo: idan kashe ka ake shirin yi, kuma babu yadda za ka tsira sai ka yi kasadar samun wani, to ba ka da laifi. Wannan ƙofa ƙarama ce ƙwarai. Ba ta ɗauki wanda ya bi ɓarawon akuya da harbi cikin lungu ba, balle wanda ya ji motsi a cikin dawa ya saki wuta. Irin wannan kisan ganganci ne a idon alƙali, kuma hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin rai da rai.

Mai ganin kotu na sassauci ya tuna Sunday Jackson, manomin Adamawa. An kai masa hari a gona, ya ƙwace wuƙar maharin ya kashe shi, amma a Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin kisa, don a ganinta da zarar makami ya dawo hannunsa hatsarin ya wuce. Idan aka yi haka a kan jinin mahari, yaya jinin yaron da aka aika sayo kalanzir?

Ta fuskar Musulunci, a mazhabar Malikiyya idan harbin kare kai ya kashe ɗan kallo, kisan kuskure ne. Babu ƙisasi, amma akwai diyya: raƙumi 100 ko dinari 1,000 na zinariya, kuma dangin mai harbi na wajen uba ne za su haɗa, shi kuma ya yi azumin wata biyu a jere. Ido ɗaya ko hannu ɗaya rabin diyya ne. Wato harbinka na dare ɗaya zai iya sa a sayar da gonakin gidanku. Shi ya sa nake ganin dattawan gida suna da ta cewa kafin yaro ya rataya bindiga.

To, Malam, me za ka yi? Fara da lasisi. A dokar bindigogi ta 1959, ko bindigar toka sai da izinin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, ita kuwa mai jigida haramun ce ga farar hula. Rashin takarda laifi ne mai zaman kansa, ko da an wanke ka a kan harbin. Ka tabbata dagaci da ofishin 'yan sanda na Rano ko Kibiya sun san da ƙungiyar sintirinku, da sunan kowa a rubuce.

Sannan ka san halin makaminka. Bindigar toka watsa dalma take yi, ba ta zaɓe, kuma dangar kara ba ta tare komai. Kada ka harbi abin da ba ka gani da fitila ba, kada ka harbi mai gudu, kada ka harba inda gidaje ke bayansa. Zato ba shaida ba ne. Mutanen Bunkure, maƙwabtanku, sun ɗanɗani haka a Maris 2025, lokacin da aka tare mafarauta a Uromi ta jihar Edo aka kashe 16 bisa zaton masu garkuwa da mutane ne.

Idan kuwa ƙaddara ta riga fata, kada ka gudu, gudu yakan mai da kuskure ya zama kamar niyya. A garzaya da wanda harbin ya sama babban asibitin Rano. Dokar 2017 ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ka ɗauki bindigar ka kai kanka ofishin 'yan sanda, ka nemi lauya kafin ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. A tura manya su yi jaje, a ɗauki kuɗin magani tun ba a tambaya ba. Sulhu a gaban hakimi yana sanyaya zuciya, amma ba ya rufe shari'ar rai, don haka duk abin da aka biya a rubuta shi da shaidu, a kai wa kotu.