Darasi: Abin da Ke Tare wa Na'urar Rada Gani

Ya kai ɗalibi, ka san hadarin damina galibi daga gabas yake taso mana. Manomin da ya shanya shinkafa a Bakura, Maradun ko Talata Mafara, inda ake noma da ruwan madatsar Bakolori da aka gama a 1978, yana bukatar labarin ruwa da wuri, don kada wahalarsa ta jiƙe.

Masana yanayi suna hango hadari da na'urar rada. Takan harba igiyar rediyo, in ta bugi ɗigon ruwa sai ta dawo kamar amsa-kuwwa. Daga lokacin da ta ɗauka ake gane nisan hadarin.

To, amma fa ganinta da iyaka. Haska tocila a jikin katanga da dare. Me ka gani a bayanta? Duhu. Haka dutse irin na Kwatarkwashi, ko dogon bene, ko tankin ruwa ke tare igiyar, abin da ke bayansu ya ɓuya. Wani lokaci ma dutsen kan mayar da igiyar, a zaci ruwa ne. Shi ya sa ake ɗora rada a kan tudu ko hasumiya.

Na biyu, duniya a dunƙule take. A nisan kilomita 200, igiyar ta ƙasa-ƙasa takan kai tsayin kilomita 4 daga ƙasa, ta tsallake gajeren hadari.

Saboda haka shirun rada ba ya nufin babu ruwa. Ka saurari hasashen hukumar NiMet, ka kuma dubi gabas kafin ka shanya.

Tambaya: Me ya sa ba a kafa rada a cikin kwari?